Kocin Abokan Karawa, Jiya Namu Ne

Duk wanda ya taɓa zama a teburin wasanni na gidan jarida ya san akwai wani aiki da ba ya wuce ranar Alhamis, wato sharhin share fage game da wasan ƙwallon ƙafa da za a yi ran Lahadi. Edita yana son sa kafin la'asar, abin da aka saba zubawa a ciki kuwa sananne ne: wannan ƙungiya tana matsayi na kaza, waccan tana da maki kaza, wane ya ji ciwo a gwiwa, wane kuma alƙalin wasa ya kore shi makon jiya. Can ƙasa, in fili ya ragu, sai a ambaci mai horar da 'yan wasan baƙi da layi biyu. Ni a nawa ganin, a gasar rukuni-rukuni ta Nijeriya waɗannan layuka biyu su ya kamata su zo a farko, domin mutumin nan da ke zaune a bencin abokan karawa sau da yawa ba baƙo ba ne. Ya ci albashinmu bara ko bara waccan, ya san ɗakin da yaranmu suke canza tufafi, ya san wanda ke gajiya a cikinsu in an dawo daga hutun rabin lokaci.

Masu karatu su dubi Abdu Maikaba kawai. A 2016 ya kai Wikki Tourists ta Bauci matsayi na uku a ƙasa. A 2017 yana Uyo, inda ya ɗauki kofin ƙalubale da Akwa United. Daga nan sai Jos, kuma Plateau United ɗinsa ce ke kan gaba a 2020 sa'ad da annobar korona ta sa aka tsayar da gasar. A 2021 ya tafi Rangers ta Inugu, a 2023 ya komo gida Kano Pillars. Abin ban dariya, da ya bar Jos Fidelis Ilechukwu ne ya gaje shi, da ya bar Inugu ma shi ɗin dai ne ya gaje shi, har ya ci gasar a 2024. A 2019 kuwa, da Enyimba ta Aba ta zo ta ɗaya Pillars ta zo ta biyu, wanda ya ja ragamar Enyimba, Usman Abdallah, mutumin Kano ne. Shi ma Kadiri Ikhana da ya kawo wa Pillars kambinta na farko a 2008, shi ne wanda ya ba Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003.

Amma mutumin da ya sa na fara lura da wannan al'amari wani tsohon Bature ne ɗan ƙasar Beljiyam, Maurice Cooreman, kuma ba zan iya ba da labarinsa ba sai na fara bi ta kan kawuna.

Ni a Gidan Waya na tashi, cikin ƙasar Jama'a, ba nisa da Kafanchan. Kawuna ya yi aikin jirgin ƙasa, an kuma taɓa mayar da shi Kaduna na wasu shekaru, can ya kamu da son ƙungiyar DIC Bees, ta masana'antar ƙera makamai da ke Kakuri, wadda daga baya Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta aka koma kiranta Ranchers Bees. Tun muna yara yake karanta mana tarihinta kamar mai biya hadda. A 1983 sun kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Rangers ta fitar da su a bugun daga kai sai gola. A 1987 suka sake kaiwa, Abiola Babes ta yi musu irin wannan. A 1988 suka kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu, Bizerte ta Tunisiya ta raba su da shi da ci ɗaya tak. Sai a 1989 suka share hawaye da kofin Afirka ta Yamma, suka ka da ASEC ta Abijan, a cikinsu har da wani yaro ɗan Kaduna mai suna Daniel Amokachi, wanda shekara guda bayan haka Club Brugge ta ɗauke shi. Kawu yakan ce Beljiyam ta ɗauke mana yaro. Da tafiya ta yi tafiya sai ga ta ta aiko mana da tsoho.

Kafin Cooreman ya iso Kaduna a 2009 ya riga ya zaga ƙasar nan fiye da yawancinmu da aka haifa a cikinta. Ya yi aiki a Ikko da ƙungiyar hukumar tashoshin jiragen ruwa, ya yi a Gabros, ya yi a Lobi Stars ta Makurɗi. A 2006 ya ɗauki wata ƙaramar ƙungiya ta garin Brass a Jihar Bayelsa, Ocean Boys, ya ci gasar ƙasa da ita, abin da ba wanda ya zata. Daga nan Enyimba ta ɗauke shi. Ya haura Kumasi wajen Asante Kotoko, bai yi ko rabin shekara ba suka rabu. Kaduna United da ya zo ya tarar ba ta cikin waɗanda ake jin tsoro, kuma ba ta da wani tarihi da za ta yi tinƙaho da shi kamar Ranchers.

A 2010 sai ga ta a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Kano, abokiyar karawarta kuwa Enyimba ce, wadda ke riƙe da kofin tun 2009, ta kuma ci gasar rukuni-rukuni ta wannan shekara. In da maki da sunaye kawai za a duba, ai babu ma abin tattaunawa. Ina da shekara ashirin a lokacin, ban ko shiga makarantar koyon aikin jarida ba. Mun kewaye rediyo a teburin mai shayi kusa da ƙofar Kwalejin Horon Malamai, kowa yana cewa Allah dai ya sa kada a yi mana cin kaca. Kawu ne kaɗai ya yi ta nanata magana guda.

“Ɗana,” in ji shi, “tsohon nan ya kwana a gidansu. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.”

Aka tashi uku da uku, aka ce sai bugun daga kai sai gola. Da jin haka Kawu ya miƙe ya saɓa rigarsa.

Na ce, “Kawu, ina za ka, ga shi yanzu ne za a yi ta ta ƙare?”

Ya ce, “Na ga irin wannan sau biyu, ba na son na uku.”

Yana bakin titi, bai kai ga tsallakawa ba, ihu ya tashi. Kaduna United ta ci uku, Enyimba biyu. Karo na farko ke nan da wata ƙungiya ta Kaduna ta ɗauki wannan kofi. A shekarar da ta biyo baya suka kai matakin rukuni a kofin ƙalubale na Afirka, suka haɗu da Club Africain ta Tunisiya da Interclube ta Angola, da kuma ASEC ɗin nan dai ta 1989.

Ba na cewa sanin sirrin Enyimba shi kaɗai ya ci wasan. Ƙwallo uku aka zuba wa Kaduna, bugun daga kai sai gola kuwa rabinsa sa'a ce. Sai dai tun daga ranar, duk sa'ad da aka ba ni sharhin wasa, nakan fara bin sawun kocin baƙi, kuma abin da nake nema ba jerin kofunansa ba ne. Nakan duba ko ya taɓa aiki da masu masaukinsa, da yadda suka rabu, domin wanda aka kora yana bin bashin albashin wata biyar ba ya zuwa wasa da sanyin jiki. Nakan duba 'yan wasa nawa ya kwaso daga tsohuwar ƙungiyarsa, domin a nan koci ba ya ƙaura shi kaɗai, yakan tafi da golansa da mai tsaron bayansa da wani ɗan gaba da ya yarda da shi, har ka ga ƙungiya ta sake riga amma fuskokin su ne na bara. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne ko shugabannin kulob sun ba shi wa'adin nan na wasa uku, wato ko ya ci ko ya kama gabansa. Kocin da ke ƙarƙashin wa'adi in ya fita waje ba ya neman burge kowa. Zai tara mutum tara a baya, golansa zai yi ta kwanciya yana ɓata lokaci, kunnen doki kawai yake nema ya tsira da abincinsa. Mai karatun da aka gaya wa wannan tun ranar Juma'a ba zai yi mamaki ba in ya biya kuɗin ƙofa ya ga wasa marar daɗi.

Akwai kuma nisan hanya, wanda teburin maki ba ya nunawa. Ƙungiyar da ta taso daga Uyo ko Fatakwal cikin mota zuwa Maiduguri ko Katsina ta riga ta bar rabin ƙarfinta a kan titi. Shi ya sa cin wasa a waje ya daɗe yana da wuya a ƙasar nan. Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a ka da ita a gida ba cikin gasar, tun daga 2003 har zuwa watan Agusta na 2015, sa'ad da Nasarawa United ta zo ta ci ta biyu da ɗaya. Tsohon koci irin Cooreman, wanda ya bi waɗannan hanyoyi shekara da shekaru, ya san garin da za a kwana da filin da ƙasarsa ke da tauri, wannan kuwa ba a koyar da shi a kwas.

To, me ya sa suke yawo haka kamar fatake? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mafi yawan manyan kulob-kulob ɗinmu na gwamnatocin jihohi ne, daga baitulmali ake ciyar da su, ba daga kuɗin ƙofa ko cinikin riguna ba. In gwamna ya canza, shugaban kulob ya canza, sabon shugaba kuwa yana da nasa mutum. Yarjejeniyar aiki yawanci ta shekara guda ce, ita ɗin ma ba kullum ake cika ta ba. Shugaban da ke son nuna wa gidan gwamnati cewa yana aiki, ba shi da abin da ya fi sauƙin yi kamar korar koci, tun da ba zai kori kansa ba, ba kuma zai iya korar 'yan wasa talatin ba. Shi kansa Cooreman bai daɗe a Kaduna bayan kofin ba. Ya wuce Warri Wolves, ya wuce Gombe United, ya yi Akwa United, ya yi Ikorodu United a 2016. Mutumin da muka yi wa ihu a teburin mai shayi ya koma kocin abokan karawa, mai layi biyu a ƙasan shafi.

Yaranmu masu cika gidajen kallo a Kafanchan da Kagoro da Kwoi sun san Alex Ferguson ya zauna a Manchester United daga 1986 zuwa 2013. Kaɗan ne cikinsu suka lura cewa sai a 1990 ya ɗauki kofinsa na farko a can. Da a nan ne, da tuni an ba shi wa'adin wasa uku. Ba wai ba a taɓa yin haƙuri a gida ba ne. Rivers United, ta gwamnati ce ma, ta riƙe Stanley Eguma tun 2016 har ya ci mata gasar a 2022. Remo Stars ta Ikenne, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya kafa, ta zo ta biyu a 2023 da 2024 ƙarƙashin Daniel Ogunmodede, ba ta sallame shi ba, a 2025 ya kawo mata kambin.

Kaduna ba ta yi wannan haƙuri ba, ta kuma biya. Shekara huɗu kacal bayan kofin Kano, a 2014, Kaduna United ta faɗo daga babban rukuni. Kada City ta hau a 2019, ba ta ƙarasa kakar ba ta sayar da gurbinta ga Delta Force. A waɗannan shekaru, ɗan Gidan Waya da ke son ganin wasan babban rukuni da idonsa sai ya hau mota zuwa Jos, wadda dama ta fi mana kusa da birnin Kaduna, ya je ya tafa wa ƙungiyar wata jiha. Na yi haka a 2017, shekarar da Kennedy Boboye ya ci gasar da Plateau United, na kuwa ji daɗin wasan, amma daɗin cin tuwon maƙwabta ne.

Cooreman ya rasu a 2022 yana da shekara 79. Da na je gida hutu bayan haka na ambaci sunansa a wata majalisa ta samari masu iya lissafa duk ƙungiyoyin da Mourinho ya horar bi da bi, ba wanda ya gane ko wane ne. Kawu, wanda idonsa ya yi rauni amma kunnensa na nan daram a jikin rediyo, shi ya tambaye ni ko gawar a nan aka binne ta ko a ƙasarsu, domin shi a wurinsa mutumin ya riga ya zama ɗan gida.

A farkon 2025 aka ba da labarin cewa Sadiq Umar, ɗan wasan gaba na Super Eagles haifaffen Kaduna, ya shiga cikin masu mallakar Ranchers Bees. Na kai wa Kawu labarin ina tsammanin zai tambayi ko nawa aka zuba, ko waɗanne 'yan wasa za a sayo. Bai tambayi ko ɗaya ba.

Ya ce, “Ɗana, in ka je Kaduna ka tambayo mini, shekara nawa za su ba kocin?”