Bakin Ƙofarsa

Ɗana na fari shekararsa 28. Ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yana nan gida tare da mu. Da asuba nakan tsaya a bakin ƙofarsa in kasa kunne. In na ji motsin buta, sai hankalina ya kwanta.

Ciwon fargaba ke damunsa. Gabansa yakan faɗi ba dalili, zuciya ta yi ta bugawa, gumi ya keto masa ko da hunturu ne. Wasu dangi sun ce sammu, wasu sun ce lalaci. Mun yi addu'a, muka kuma kai shi asibitin Dawanau. Likita ya ce maganin yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma ba a yanke shansa farat ɗaya.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, balle in tambayi abin da ke ransa. Yanzu da yamma mukan zauna muna ɓare gyaɗa, in bar shi ya yi magana in ya so. Na daina zancen aure.

Jiya shi kaɗai ya je kasuwar Rimi ya dawo.