Ƙaramin Injinmu Da Ciwon Karkarwa

Duk wanda ya taɓa shiga unguwar masana'antu ta Umdurman kafin yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, ya ga irin manyan injunan da masu sana'ar ƙarfe suke aiki da su. Akwai makharaɗa mai juya ƙarfe, akwai kuma fireza mai sassaƙa shi kamar yadda masassaƙi yake yi wa turmi. Waɗansunsu sun kusa tan guda. Namu kuwa, wanda mu malaman makaranta huɗu muka haɗa kuɗi muka saya na hannu a Hartum cikin 1919 da ɗari, wato 2019, 'yar fireza ce ta kan tebur wadda ba ta kai kilo 70 ba. Nufinmu shi ne mu rage dare da ita, mu kuma nuna wa yaran unguwa cewa lissafin da muke koya musu yana da amfani a wajen aji.

In dai sanholo ne ko tagulla, sai ta yi ta yanka ba gardama. Amma da zarar an ɗora mata baƙin ƙarfe, sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓin damina, ta yi ta kuka, fuskar aikin ta fito da layi-layi, bakin yankan kuma ya dakushe tun bai yi komai ba. Maƙwabta suka ce a sauya mata mota mai ƙarfi. Wani dattijon ma'aikacin ƙarfe da muka kai wa ƙara, Bahaushe ɗan asalin Mai Wurno, bai ko dubi motar ba. Ya dafa kan injin da hannu ɗaya ya tura, ya ce, "Malamai, ku dubi nan." Sai ga ginshiƙin yana ɗan sunkuyawa. Ashe ciwon a ƙugu yake.

Irin waɗannan ƙananan injuna, ginshiƙinsu a kan babban noti guda yake tsaye, wai don a iya karkata shi in ana son yankan gicciye. Mu dai ba mu taɓa bukatar wannan karkatawa ba, ga shi kuwa ta nan ne duk rawar take farawa. Saboda haka muka samo farantin ƙarfe mai kaurin milimita 12 a wajen masu gwangwan, muka huda shi, muka ɗaure bayan ginshiƙin da gindin injin wuri guda da kusoshi masu zare. Walda kam dattijon ya hana, domin ƙarfen zubi yana iya tsagewa in zafi ya yi masa yawa. Sa'an nan muka cika cikin ginshiƙin da busasshen yashi mai laushi don ya riƙa shanye girgiza, muka jefar da teburin katako, muka zuba dandamalin kankare muka kafa injin a kai.

Abin da ya fi ba mu sha'awa kuwa bai ci ko sisi ba. Mai karatu ya ɗauki rula ya danne ta a bakin tebur, ya bar ɗan tsawo a waje, ya taɓa ƙarshenta. To, in ya ninka tsawon nan sau biyu, lanƙwasawar ba sau biyu za ta ninka ba, sau takwas ne. Haka bakin yanka yake: gwargwadon leƙowarsa, gwargwadon rawarsa. Yaran da suka sha wuya da biyu sau biyu sau biyu a allo, a nan suka gane shi cikin minti biyar. Muka kuma koya musu ɗaure duk ɓangaren tebur da ba ya tafiya, da share hanyoyinsa a sa mai, musamman bayan habub, don ƙurar garin nan in ta haɗu da mai sai ta ci ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa.

Da yaƙi ya zo, gyaran nan ya zame mana ƙarfen ƙafa. Injin da dā mutum biyu za su ɗauka, yanzu ya zama ɗan gida, dole muka bar shi muka fita da iyali. Da muka dawo cikin 2025 mun tarar an kwashe motar da wayoyi da akwatin bakunan yanka, amma gangar jikin tana nan a kan kankarenta.

Mun samu wata tsohuwar mota mun haɗa. Yau abin da muka soma don nishaɗi ya zama na neman mafita, domin kayan gyara sun yi wuya: wannan ya kawo ƙarfen famfon ruwa a yi masa gurbi, wancan na raksha, wata kuma na keken ɗinkin da take ciyar da marayu da shi. Ba ta zama babbar fireza ba, har yanzu kaɗan-kaɗan muke ci, amma aikin yana fita sumul. Gardamar da ta rage a tsakaninmu ita ce ta yashin nan: biyu suna so a zazzage a zuba kankare, biyu sun ce kankare yana riƙe danshi ya kawo tsatsa. Mun bar maganar sai an yi hutu.