Buhu 60 da muka ƙi sayarwa

Daga Madarunfa nake rubutu, bakin tabki. Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Na yi makarantar horon malamai, amma Allah bai nufe ni da koyar da yara ba, sai iyayensu. Ajina yana wani ƙauye a kan hanyar Ɗan Isa, kuma a can abin da zan ba ka labari ya faru.

Ka san yadda shekarar manomi take. Da kaka hatsi ya yi araha, amma a lokacin ne bashi da biki da tufafin yara suke taso masa, sai ya sayar. Da damina rumbu ya yi ƙasa, sai ya koma wurin ɗan kasuwan nan ya sayi hatsinsa da tsada. In ba shi da kuɗi, ya bar gonarsa cikin haki ya tafi barema a gonar wani. Don maganin wannan ne ɗalibaina suka kafa bankin cimaka. Kowa ya kawo tiya 10 da kaka, a ajiye a mangaza, a sayar wa ƴan ƙungiya da rahusa in noma ya kama. A ajina aka rubuta dokokin, da Hausa, cikin kaye. A hankali ajiyar ta kai buhu 60.

Wata bazara farashi ya hau ƙwarai. Wani ɗan kasuwa ya zo daga Maraɗi ya ce zai ɗauke duka, kuɗi hannu. Samari suka ce a sayar. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma da su nake. Na tashi na buga lissafi a allo: in mun sayar yau, da kaka mu sayi fiye da abin da muka fitar, mu gyara rufin mangaza, baɗi mu sayi injin niƙa. Lissafina daidai ne, har yau ban ga kuskure a cikinsa ba.

Sai wata tsohuwa, wadda shekara biyu da suka wuce ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ta ce a miƙo mata kaye. Ta ɗora yatsa ta karanta doka ta uku, baƙi bayan baƙi, har ta kai ƙarshe: hatsin ƙungiya na cin ƴan ƙungiya ne. Sa'an nan ta dube ni ta ce: «Mushe, in mun sayar, ranar da noma ya kama, takardar kuɗi za mu daka?» Na ce: «Inna, ai jarin zai ƙaru.» Ta ce: «Ɗana, ya ƙaru ya kai ina?»

Ban sami amsa ba. Wani dattijo ya karɓi magana, ya tuna mana zamanin gyaɗa. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC don ta tsara ƙungiyoyin manoma, ta kafa SONARA don cinikin gyaɗa. Abin ya yi amfani, gama manoma da yawa sun koyi karanta sikeli da rubuta lissafin kasuwarsu. Amma manufar ita ce a ƙara noman abin da za a fitar waje. Gyaɗa ta ci gonaki, an rage barin ƙasa ta huta. Da fari ya zo a 1973, cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sai kasuwar ta mutu. Dattijon ya ce a shekarun nan ya ga mutanen da suka saba riƙe kuɗi suna neman tiya ɗaya ta hatsi.

Aka ɗaga hannu. Masu cewa a bari suka rinjaya.

Kada ka zaci labarin ya ƙare da daɗi ga kowa. Samari biyu sun yi fushi sun janye rabonsu. Injin niƙa bai samu ba, mata suna nan da turmi da taɓarya. Amma a daminar nan ƴan ƙungiya sun yi noman farko da maimai a gonakinsu, da tuwo a ciki.

Daga baya na karanta cewa a ƙasashen Turai akwai masana masu irin tambayar Inna. Tun 1972 wata ƙungiya mai suna Club de Rome ta fitar da rahoto, ta ce duniya tana da iyaka, ba za a yi ta ƙara haƙo ma'adinai da ƙona mai da sare daji har abada ba. Daga nan wani ra'ayi ya taso, musamman a Faransa, wanda za mu iya kira rage bunƙasa. Masu shi suna cewa a daina auna ci gaban ƙasa da yawan abin da ta ƙera ta sayar, a auna shi da ko mutane sun sami abin da ya ishe su. Suna yabon ƙungiyoyin gama kai, inda kowa yake da murya ɗaya ko nawa ya zuba.

To, a nan ina da magana. Ina saurayi a 2005 na ga yaran jihar Maraɗi da yunwa ta kwantar. Wanda ya ga haka ba zai yarda a zo a ce masa ya rage ci ba. Mu ƙari muke bukata: rijiya, likita, aji, hanya. Masu mota uku a gida ɗaya su ne za su rage. Abin da na ɗauka a zancensu shi ne ba kowane abu ne dole ya yi ta girma ba.

Dubi Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991. Mata suna zubi duk mako a akwati, suna ba juna rance, in lokaci ya cika su fasa asusu su raba, akwati ya koma wayam, su sake farawa. Ɗan banki zai ce wannan wasa ne, tun da jari ba ya taruwa. Amma yau fiye da shekara 30 ke nan ana yi, tsarin ya bazu ƙasashe da dama, kuma kuɗin ba ya barin gari. Ashe adashen iyayenmu mata da gayyar iyayenmu maza aka sa wa kwaɗo da littafi.

Rufin mangazarmu har yanzu yana yoyo a kusurwar gabas, mun ɗora buhunan a kan itace. Ran Juma'a bayan la'asar za a zauna a kan maganar kwano, kuma Inna ta ce ita za ta riƙe kaye, don haka wannan makon rabawa nake koya musu.