Son Mawaƙi da Ƙinsa

Yara, in kuna so ku ga gardamar da ba ta ƙarewa, ku je tashar mota ta Yelwa, ko bakin ruwa a Wara ran kasuwa, ku tambayi mutum biyar wane ne gwanin mawaƙa. Za ku sami amsa biyar, kowa kuwa yana rantsuwa nasa ne gwani, na sauran duk hayaniya ce. Aikina na duba makarantu yakan kai ni ƙasar Ngaski da ta Shanga da ƙauyukan bakin tabkin Kainji, wani lokaci a mota, wani lokaci a babur, wani lokaci cikin jirgin ruwa. Duk inda na shiga waƙa na tashi daga rediyo ko daga waya, kuma sai in ga wani yana kaɗa kai, na kusa da shi yana tsaki. Na daɗe ina tunanin abin da ya raba su, tun da yake waƙa ɗaya ce ke shiga kunnuwansu.

Kunne kamar harshe yake, abin da ya saba da shi tun yana ƙarami shi yake nema. Yaron da ya tashi da tuwon shinkafa da miyar kifi, in an kai shi inda ba a cin kifi sai ya ce ba su iya miya ba. To, ƙasarmu ta Yawuri ta tara mutane iri iri: ga Kambari, ga Gungawa, ga Shangawa, ga Sarkawa masunta, ga Hausawa da Fulani. Kowannensu da kiɗan da uwarsa ta goya shi tana rawa da shi. Sa'ad da aka gama dam ɗin Kainji cikin 1968, ruwa ya cinye gungu da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane fiye da dubu 40 aka mai da su sababbin garuruwa. Tsofaffin da suka ga wannan tashi suna yara, in an buga kiɗan garinsu na da sai ka ga sun yi shiru sun sunkuyar da kai. Jikokinsu ganga kawai suke ji. Su kuwa suna ganin dandali, da bishiyar da ake zama ƙarƙashinta, da gonar albasar da ke ƙarƙashin ruwa yau. Yaya za ka ce wa irin wannan tsoho kiɗansa ba daɗi?

Sai kuma a duba wanda ake yi wa waƙar. A ƙasar Hausa tun da, kusan kowace sana'a da makaɗinta. Manoma da nasu, mahauta da kalangunsu, 'yan dambe da irin su Ɗan Anace, wanda ya sa duniya ta san sunan Shago. Sarakuna kuma suna da makaɗan fada. Mu nan mun yi sa'a da su. Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni ta ƙasar Sakkwato, ya zauna a fadar Argungu, daga baya ya komo Yawuri, ɗansa Sani kuma ya gaje shi. Wanda aka yabi sarkinsa ko kakansa, lalle zai so mai yabon. Amma makaɗin fada ba ya yabon ubangidansa sai ya taɓa abokin gabarsa da zambo ko habaici. Saboda haka waƙa ɗaya takan sa a yi murna a wani gida, a kwana da haushi a gidan da ke maƙwabtaka da shi. Mawaƙan siyasa na yanzu, irin su Rarara na Kahutu, wannan hanya suka bi. Ran da mawaƙin siyasa ya sake gwani, sai masoyansa su koma maƙiya, maƙiyan su koma masoya, alhali muryarsa tana nan yadda take.

Amma gardamar da ta fi zafi ita ce ta tsakanin manya da yara. Cikin 2020 wata waƙa ta Hamisu Breaker mai suna Jaruma ta cika gari, ba wayar saurayi ko ta budurwa da ba ta ciki. Dattawa suka yi ta cewa, “Wannan ai ba waƙa ba ce. Ina ma Shata na da rai!” Duk sa'ad da na ji haka nakan yi murmushi, domin Shatan nan ma an yi masa irin wannan. An haifi Mamman Shata a Musawa cikin 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba ko kaɗan, yana ganin abin kunya ne a gidansu. Ya fara ne da waƙoƙin dandali na samari da 'yan mata, manyan lokacin nan kuwa suna yi masa kallon ɗan iska. Sannu a hankali samarin da ke binsa dandali suka girma, suka zama masu gida, suka zama alhazai da ma'aikata, ba su kuwa bar son gwaninsu ba. Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka koma kiransa Dakta. Da ya rasu cikin 1999 ƙasar Hausa duka ta yi juyayi.

Kada ku ɗauka maganar dattawa duk tsufa ne. Suna da hujja. Shata yakan tsaya gaban taro da makaɗansa da 'yan amshi, ya ƙaga waƙa nan take, ba takarda, ba maimaitawa. In ya yi kuskure kowa ya ji. Mawaƙin yanzu kuwa yakan shiga ɗaki shi kaɗai, a buga masa fiyano, na'ura ta gyara masa murya, in baiti bai yi ba a share a sake. Ni kaina, in za a tambaye ni, kalangu da taushi sun fi mini daɗi. Amma na zauna na saurari na yaran da kyau, na kuwa tarar a cikinsu akwai masu Hausa mai kyau da hikima, akwai kuma waɗanda in an cire kiɗan ba abin da zai saura. Haka yake a zamanin Shata ma. Marasa gwaninta na lokacinsa an manta da su ne, shi ya sa muke tsammani duk mutanen da gwanaye ne.

Akwai kuma mawaƙin da ake so a ɓoye, a ƙi a sarari. A nan jiharmu ta Kebbi aka yi Gambu, mutumin Fagada, wanda ya yi suna da yi wa ɓarayi waƙa. Ba dattijon da zai yarda a gan shi yana saurarensa, amma kasetinsa ya shiga gidaje da yawa, gama ya iya ba da labari, ya iya ban dariya. A nan kam ina bayan masu ƙi. Wanda aka fasa wa rumbu, ko aka kwance wa jirgi cikin dare, ba zai yi dariya ba in ya ji ana yi wa ɓarawo kirari. Ku gwada shi da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, watau yaron da ke bin babbar mota yana ɗaukar kaya, mutumin da ba wanda ke kula da shi. Dukansu biyu gwanaye ne, amma ku lura da wanda kowannensu ya zaɓa ya ɗaukaka.

Ƙiyayyar da ba na ganin dalilinta ita ce wadda ake yi wa makaɗi don sana'arsa kawai. Ana kiransa ran suna, ana kiransa ran biki, ana kiransa ran gayya don ya ƙarfafa wa manoma gwiwa. Da an watse sai a ce maroƙi ne, ɗansa ma in ya nemi aure a wani gida sai a yi ta jan ƙafa. Wata rana a wata makaranta ta bakin ruwa na tambayi 'yan aji biyar sana'ar iyayensu. Wannan ya ce su, wannan ya ce noma, wannan ya ce saƙar taru. Da na zo kan wani yaro sai ya ce a hankali, “Noma.” Ajin ya fashe da dariya, wani ya ce, “Malam, ƙarya yake, ɗan maroƙi ne!” Yaron ya kifa kansa a kan benci.

Ban tsawata musu ba. Na roƙi malaminsu ya sa yaron ya aro kalangun babansa ya zo da shi kashegari. Da ya zo na ce ya nuna mana yadda ake sa shi magana. Da fari hannunsa na rawa. Sa'an nan ya rataya shi, ya nuna mana cewa in an matse tsarkiyoyin da hammata fata takan ɗaure, murya ta hau sama, in an saki ta sauko ƙasa. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, don haka kalangu yana iya bin kalma daidai yadda baki ke faɗinta. Ya ɗauki gula ya buga wani abu, ya ce su faɗi abin da ya ce. Aka yi shiru. Ya sake bugawa. Sai wata yarinya ta yi tsalle ta ce, “Sunana ne!” Nan da nan kowa ya miƙa hannu yana cewa a buga nasa, har da wanda ya tona shi jiya.

Da na koma makarantar bayan damina, malamin ya gaya mini har yanzu wasu na kiransa ɗan maroƙi, amma yanzu in an kira yakan amsa.