Zuciya da maƙogwaro a jikin yaro mai galahanga

Galahanga irin wadda likitoci ke kira lalurar Down halitta ce da ake haihuwar yaro da ita. A kowace ƙwayar halittar ɗan Adam akwai zaren gado 46 a jere biyu-biyu, amma mai wannan lalura yana da 47, domin zare na 21 ya zo uku. Likitan Ingila John Langdon Down ne ya bayyana kamanninta a 1866, sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano zaren da ya ƙaru. Ana samunta a kusan haihuwa ɗaya cikin 700 zuwa 1,000, kuma ta fi aukuwa idan shekarun uwa sun haura 35. Babu laifin uwa a ciki, babu hannun aljanu, ko da yake har yanzu a karkara akan kira jariri mai laushin jiki ɗan ruwa.

Kamannin fuska da jinkirin zama da tafiya kowa yana gani. Abin da ido ba ya kaiwa gare shi ya fi haɗari, kuma shi ne ke da magani.

Abu na farko shi ne zuciya: kusan rabin waɗannan yara ana haihuwarsu da matsalarta. Mafi yawa rami ne a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wani lokaci a tsakiyarta inda ɗakuna huɗun suka haɗu. Jini sai ya riƙa kwarara zuwa huhu fiye da kima. Uwa ce ke fara lura: jariri ya kama nono, ya ja sau uku ko huɗu, ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da ana hunturu. Nauyinsa ba ya ƙaruwa a katin awo, tari da nimoniya kuma ba sa barinsa. A gida sai a ce sanyi ne ya kama shi, a sayo maganin tari a kemis, wata ya wuce. Ƙaramin rami kan toshe da kansa, babba kuwa sai tiyata, kuma ana son yinta cikin watanni shida na farko, saboda jijiyoyin huhun waɗannan yara suna saurin lalacewa. Idan suka taurare, damar tiyata ta wuce. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi wa kowane jariri mai galahanga hoton zuciya, wanda ake kira eko, ko da likita bai ji wani baƙon sauti a ƙirjinsa ba. A Amurka matsakaicin tsawon rayuwar masu lalurar ya tashi daga kimanin shekara 25 a 1983 zuwa kusan 60 a yau, kuma tiyatar zuciya na cikin manyan dalilai.

Abu na biyu shi ne tayirod, ɗan ƙullutu mai siffar malam-buɗe-littafi a gaban wuya, wanda idan ya kumbura ake cewa maƙoƙo. Sinadarin da yake fitarwa ne ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. A yara masu galahanga yana yawan yin rauni, wasu tun daga haihuwa, wasu sai sun tasa garkuwar jikinsu ta afka masa. Alamomin su ne shawara da ta daɗe bayan suna, yawan barci, taurin bayan gida, bushewar fata, jin sanyi, dusasshen kuka, da ƙiba ba tare da tsawo ba. Abin takaici, yawancinsu sun yi kama da galahangar kanta, sai iyaye, har ma da wasu ma'aikatan lafiya, su ce ai haka Allah ya yi shi. Idan tayirod ɗin ne ya yi rauni, da yawa daga nauyin jiki da jinkirin fahimta da ake ɗora wa halittar yaro, ƙwayar magani ɗaya a rana za ta rage su.

Gwajin jini mai suna TSH ne ke tabbatarwa. Ana yinsa bayan haihuwa, da wata shida, da shekara ɗaya, sannan kowace shekara. Maganin, levothyroxine, ana murƙushe shi a cokali da ɗan nonon uwa ko ruwa, ba a haɗa shi da madarar waken suya ko maganin ƙarin jini, ba a kuma dainawa don yaro ya ji sauƙi. Gishiri mai aidin, wanda Najeriya ta wajabta tun 1993, ya rage maƙoƙo a ƙasa, amma bai ɗauke wa waɗannan yara gwaji ba, domin nasu raunin galibi ba daga ƙarancin aidin yake ba.

A Beli da sauran garuruwan Rogo da Karaye a jihar Kano, inda haihuwa da yawa a gida ake yinta hannun ungozoma, ranar rigakafi ce damar farko da ma'aikacin lafiya ke ganin jariri. Nan ya kamata a rubuta takardar turawa, daga babban asibitin Rogo ko na Karaye zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya, inda ake da likitocin zuciyar yara. Kuɗin mota da na gwaji nauyi ne ga manomi, don haka ya fi kyau a nemi eko da TSH a tafiya ɗaya, a kuma adana sakamakon tare da katin rigakafi domin ziyara ta gaba.