Shirin Tafiyarmu Zuwa Azbin

Hausawa kan ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma duk ɗalibin harshe ya san akwai ilimin da ba a samunsa a cikin aji. Ni Bayarabe ne, a bakin maƙwabtanmu 'yan Sabo na fara tsintar Hausa, sannan na zo jami'a na koyi nahawunta da adabinta. Shekara uku ke nan muna jin sunan Azbin a darasin tarihin Hausawa, ana ce mana daga can Gobirawa suka gangaro kudu bayan Buzaye sun fi ƙarfinsu. Wannan ne ya sa mu huɗu a ajinmu muka ƙulla niyyar zuwa mu gani da idonmu, mu kuma ji yadda Hausa take fita daga bakin mutanen da ke zaune a iyakarta ta arewa. Muka fara adashi, ni kuma aka ɗora mini nauyin tsara tafiyar.

Hanyar da muka zaɓa ita ce daga Kano zuwa Daura, mu ƙetare iyaka a Kongolam, mu bi ta Matamaye mu kwana Damagaram. Daga nan akwai kimanin kilomita 450 zuwa Agadas, ta kan Tanut. A Agadas muke son yada zango na 'yan kwanaki, domin tsohon garin yana cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta amince da su tun 2013, kuma a nan ne ake da masallacin nan mai hasumiyar ƙasa wadda tsawonta ya kai mita 27. Har zuwa nan motar haya ma ta isa. Daga Agadas ne labari yake canjawa.

Arewa da garin duwatsun Azbin ne, waɗanda a taswira ake rubuta su Ayir. A cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, a kan tsaunukan Bagzan, mita 2,022. Burinmu shi ne mu kai Timiya, ƙauyen da ke cikin kwari tsakanin duwatsu, inda ake noman lemo da rumman da ruwan rijiya. Hanyar babu kwalta, sai tsakuwa da busassun ƙoramu. Gabas da duwatsun kuma hamadar Tenere ce, wadda ayarin raƙuma ke ratsawa zuwa Fashi da Bilma su ɗauko kantun gishiri da dabino. Irin wannan wuri ba ya shiguwa sai da mota mai jan ƙafa huɗu, wato wadda injinta ke juya tayoyi huɗun gaba ɗaya, kamar Land Cruiser ko Hilux. Mutanen Nijar kat-kat suke ce mata.

Da na zauna da wani tsohon direba a Sabo wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas, abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaro, mota ɗaya ba ta shiga sahara." Dole a tafi da biyu, domin in ɗaya ta lalace ɗaya ta ceci rai. Kowace tana bukatar safaya biyu, da jak, da shebur, da igiyar ja, da faranta na ƙarfe da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya in ta kafe. In an shiga rairayi ana rage iskar taya don ta baje ta daina nutsewa, in an fito kan duwatsu kuma a mayar da iskar, in ba haka ba kaifin dutse ya yanke ta. Ke nan famfon iska ma ba abin mantawa ba ne. Mai kuwa, yashi yana sa mota ta sha fiye da yadda take sha a kan kwalta nesa ba kusa ba, saboda haka ana lissafinsa ne da jarkoki, a kuma ƙara na ko-ta-kwana.

Amma babban lissafi shi ne na ruwa. Mun tsayar da lita 5 ta sha ga kowane mutum a rana, ban da na girki da na lagireto, sannan a ƙara na kwana uku a kan kwanakin tafiya. Wanda ya ga kamar mun cika tsoro, ya tuna abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Lokaci ma yana cikin lissafin, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zafi ke sauƙi, ko da yake sanyin dare a kan duwatsu sai da bargo mai kauri.

Duk da waɗannan kaya, abin da na fahimta shi ne jagora ya fi mota muhimmanci. Wayar hannu tana iya nuna maka inda kake, amma ba za ta gaya maka wace rijiya ce ta ƙafe bana ba. Wannan sai ɗan ƙasa, kamar yadda ayari ba ya tashi sai da madugu. A nan ne karatunmu yake da rana, domin ko da yake Tamashek ne harshen Buzaye, da Hausa ake ciniki a kasuwar Agadas, kuma a 2025 gwamnatin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai Hausar can tana da nata tarko. Inda muka aro daga Ingilishi, su daga Faransanci suka aro. Makarantar boko lakwal ce a wajensu, in kuma suka ce za su likita, asibiti suke nufi. Kuɗin sefa da dala suke ƙirga shi, kowace dala sefa 5, saboda haka in mai shago ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nema. Na buɗe littafi na musamman ina tara irin waɗannan kalmomi, kuma tuni ya zama tushen kundin digirina.

Saura maganar da ta fi damun iyayenmu, wato tsaro. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar har zuwa Maris na 2024, a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, a shekarar kuma aka sace wasu Turawa a cikin garin Agadas. Mahaifiyata ta ce in har sai na je wannan wuri zan ci jarrabawa, to a bar digirin. Mun yi shawara mun tsaya a kan cewa ba za mu wuce Agadas ba sai da izinin hukuma da jagoran da ta sani, kuma ba za mu tashi ba sai bayan mun gama hidimar ƙasa, mun ji daga bakin mazauna can cewa hanya ta yi kyau. In ba ta yi ba, Damagaram ma ta ishe mu zangon farko.

Kafin nan adashi yana ci gaba. Akwai sauran kujera biyu a mota ta biyu, kuma mun fi son wanda ya ɗan taɓa kanikanci ko ya iya Faransanci. Duk mai sha'awa a cikin 'yan'uwa ɗalibai, ya neme ni bayan lacca.