Tafi-da-Gidanka

Duk wanda ya san Jos ya san Taminus, amma ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi ma'anar sunan ba. Kalma ce ta Turanci mai nufin maƙurar hanya, watau inda jirgin ƙasa ke tsayawa domin dogo ya ƙare. Kuza ce ta jawo dogo zuwa kan wannan tsauni. Ƙaramin jirgin da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ya biyo baya daga Kafanchan a 1927, sa'an nan aka rufe na Zariyan a 1957, aka adana wasu daga cikin kawunansa da taragansa a gidan kayan tarihi na Jos.

To, unguwa ce da aka raɗa wa sunan tsayawa, amma ni ban san wata unguwa da ta kai ta rashin zama wuri ɗaya ba. Tun da gobara ta cinye babbar kasuwa a watan Fabrairu na 2002, kasuwar nan da muke shiga muna yara mu ɓace a tsakanin matakalanta, 'yan kasuwa suka bazu a kan tituna. Wani ya kasa kayansa a kan tebur, wani a cikin baro, wani a bayan mataccen bas da aka cire wa kujeru, mai ɗan ƙarfi kuwa ya sayi kwantena ya huda mata ƙofa da taga. Mutumin da wuta ta taɓa cinye wa jari ya fi amincewa da shagon da za a iya turawa a gudu da shi. A wurin waɗannan bayin Allah na fara lura da cewa akwatin da aka ƙera domin kaya yana iya zama mazaunin mutum.

Bukatata ta sha bamban da tasu. Na daɗe ina bin sawun waƙoƙi da labaran 'yan haƙar kuza a tsofaffin barikoki irin su Bisichi da Dorowa da Gindin Akwati, musamman na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turawa suka yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa, daga 1942 zuwa 1944, ana kawo su aikin tilas. Da yawa daga cikinsu sanyin tsauni da rashin makwanci nagari ne suka yi ajalinsu. Waɗanda suka ga wannan zamani da idonsu suna yara, yau sun haura shekara 85, kuma kowace damina sai an rasa wasu. Irin wannan aiki ba a yin sa da ziyarar yini guda. Tsoho ba ya buɗe cikinsa ga wanda ke ta duban agogo. Sai an kwana, an tashi, an sake kwana. A waɗannan ƙauyuka kuwa babu masaukin haya, babu tsayayyar wutar da za a cika batirin rakoda, babu kuma inda mutum zai ajiye kwamfuta da takardu hankalinsa ya kwanta.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, shi ya ba ni lokacin da ban taɓa samu ba, ko da yake ya zo da aljihu busasshe. A cikinsa na ci karo da wata ƙaramar tirela mai taya biyu, irin wadda mota ke ja, a jingine bayan wasu shaguna. A da wani mai gidan burodi ne ke rarraba kaya da ita. Tsawonta ƙafa 10, faɗinta ƙafa 5, tsayinta daga ciki bai kai ƙafa 5 ba, ƙofa ɗaya gare ta ta baya, babu taga ko ɗaya. Da na ja ta zuwa gida, uwargida ta zagaya ta sau biyu ta ce, "Malam, wannan ai kurkukun tafi-da-gidanka ka sayo." Sunan kuwa ya bi ta. Mun daɗe muna liƙa wannan kalma ga wayar hannu da kotun da ke bin masu laifi kan titi, sai ga shi a karon farko ta sami abin da ya dace da ita baki da hanci.

Na kai ta Dilimi wurin wani dattijon mai walda wanda ya shekara talatin yana ƙera bodin motoci. Na je da zane a takarda, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, bai ko duba ba, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin tirelar. Da ya fito ya ce, "Dakta, ɗaki daga ƙasa ake fara shi. Sifirin ɗin hagu ya gaji, tayoyin nan kuma sun tsufa ko da ba su ci ba. Mu gyara ƙafa tukuna, ado ya biyo baya." Mako biyu muka yi ba mu taɓa cikin akwatin ba: kankare tsatsa, shafa jan fenti, sauya sifirin, ƙarfafa ƙugiyar da ke kama mota, da ƙara mata sarƙoƙi biyu domin ko ƙugiya ta kuɓuce kada tirela ta kama gabanta.

A nan na sami darasin da ba a koyarwa a tsangayarmu. Nauyin tirela ba yawansa kaɗai ake dubawa ba, har da inda ya zauna. Dole kaso mafi yawa ya kasance gaban ƙarfen da ya haɗa tayoyi, ta yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na dukan nauyin zai danne ƙugiya. In aka tara kaya a baya, da zarar mota ta ɗauki gudu sai tirela ta fara kaɗa gindi hagu da dama, har ta rinjayi motar da ke jan ta. Saboda haka batir da jarkokin ruwa biyu masu cin lita 25 suka koma can gaba, a ƙasa, a ɗaure. Litar ruwa kilo guda ce, watau jarkoki biyu sun kai nauyin buhun siminti. Littattafai ma, waɗanda na so in jera a kanta ta sama kamar a ofis, ya ce sam, sai a cikin akwati ƙarƙashin gado. Na nemi a ɗaga rufin ƙafa ɗaya domin in iya miƙewa tsaye, ya ce duk tsayin da aka ƙara iska ce za ta same shi ta tura, kuma a kwana tirela mai tsawo ita ke fara kifewa. Ya ƙara da cewa, "Ai tsayuwa a waje ake yin ta, cikin mutane. Ciki na kwanciya ne." Aka bar rufi yadda yake.

Sai maganar sanyi. Jos tana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma wanda ya taɓa kwana a cikinta a watan Disamba ko Janairu ba sai an yi masa bayani ba. Akwatin ƙarfe da rana tanda ne, da dare kuwa randa. Bayan haka, numfashin mai barci in ya bugi ƙarfe mai sanyi sai ya koma raɓa, ya riƙa ɗiga, ya jiƙa katifa, ya ruɓar da katako. Maganin wannan shi ne a raba ƙarfe da iskar ɗaki. Na bi masu sayar da firji da talabijin a titin Ahmadu Bello ina tsintar farin soson nan mai tauri da ake kunshe kayansu da shi, abin da su shara ne a wurinsu. Muka yanka shi muka cusa tsakanin ƙarafunan bango da rufi ba tare da barin gurbi ba, muka rufe da siririn falanki da na sayo a kasuwar Katako. Wannan sashe da hannuna na yi shi, ni da ɗana na fari, kuma har yanzu in na duba ina gane ƙusoshin da ya buga da waɗanda na buga.

Abu ɗaya nake so ɗalibanmu su riƙe ko da sun manta sauran: ba a shiga irin wannan ɗaki da kaskon gawayi, ba a kuma tayar da janareta kusa da tagarsa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa mutum barci ne, daga nan sai labari. Don haka muka huda mashigar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, muka sa musu raga saboda sauro, ba a kuma toshe su ko ana tsananin hunturu. Wuta kuwa, farantin sola guda a kan rufi da batir mai bolt 12 sun ishi ƙwai biyu da rakoda da kwamfuta.

Taga ce ta fi jawo mana muhawara. Ni ƙarama nake so, saboda sanyi da ɓarayi. Dattijo ya ce manya biyu za a yi, ɗaya kowane gefe, a daidai idon mai tsaye. Da na tambayi dalili sai ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Dakta, ka manta garin da kake?" Ban manta ba. Ranar 20 ga Mayu, 2014, bama-bamai biyu da aka ɓoye a cikin motoci suka tashi a Taminus, mutane fiye da 100 suka rasu. Tun daga ranar, rufaffen akwati da aka ajiye a bakin titi ba ya ba kowa dariya a garin nan. Muka yi manyan tagogi, labulensu kuma ba a sakin sa sai za a kwanta. A kowane shingen bincike nakan sauka in buɗe ƙofa tun kafin a nema, jami'i ya leƙa ya ga katifa da buta da littattafai, sau da yawa hirar takan ƙare da tambayar nawa na kashe.

Abokan aikina sun ce kwaikwayon Turawa nake yi. Gaskiya ne Turawa sun daɗe da wannan. A 1885 wani likita ɗan Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa ɗaki mai taya wanda dawaki ke ja domin yawon shaƙatawa kawai, a Amurka kuma kamfanin Airstream ya shahara da irinsa tun shekarun 1930. Sai dai kalmar da Ingilishi ke kiran abin da ita, karaban, daga Farisanci aka aro ta, kuma ma'anarta ta asali ayari. Mu kuwa jikokin fataken da suka yi ta kai-komo tsakanin Kano da Gwanja ne, a bayan madugu, da tabarma da tukunya a kan jaki. Direban tirelar da ke shimfiɗa a ƙarƙashin motarsa a Mararrabar Jos, da Bafillacen da ke ɗora kiraren bukkarsa a kan sa, ba su jira wani ya koya musu ba. Bambancin da na gani ɗaya ne, kuma babba ne. Bature ya ƙera nasa ne domin ya nisanci mutane, ya sami kaɗaici a bakin tafki. Bafatake kuwa tafiyarsa daga zango ce zuwa zango, kuma zango mutane ne: mai masauki, da mai tuwo, da dillali, da mai ba da labarin hanya.

Wannan bambanci ya tare ni a fitata ta farko, a wani tsohon bariki kudu da Bukuru. Na isa da la'asar, na yi sallama da dattijon da aka haɗa ni da shi, na nemi izinin ajiye tirela a gindin wata bishiya nesa kaɗan da gidansa. Ya bi ta da kallo, ya leƙa ta taga, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗana, wanda ya zo da ɗakinsa da ruwansa da wutarsa, me ya rage da zai nema a wurinmu? Mun ga masu irin wannan a da. Su ma da tantinsu suke zuwa, su auna ƙasa, su rubuta, su tafi."

Maganar tana da nauyi, domin mahaifinsa yana cikin waɗanda aka ɗebo daga ƙasar Katsina a 1943. Kuma ta taɓa ainihin sana'ata. Adabin baka ba a cikin rakoda yake zaune ba, yana fitowa ne bayan an ci tuwo a kwano ɗaya, sa'ad da mai gida ya ga baƙonsa ya dogara da shi. Baƙon da ba ya bukatar komai, ba a bin sa bashin komai, shi ma ba ya bin kowa. Amma kuma na san abin da saukar baƙo na mako guda ke ci wa gidan da hatsinsa ba ya kai shi kaka, na san za a fitar da wani yaro daga ɗakinsa a ba ni, a yanka kazar da ake tattali. Karamcin talaka yakan sa mai bincike ya zama kaya, ba a kuwa taɓa faɗa masa.

Na ce, "Baba, ɗakin nan na kayan aiki ne da barci. Ci da sha da hira a wurinku nake nema, in kun karɓe ni." Ya ce in haka ne ba a gindin bishiya za ta tsaya ba. Ya kira samari suka cire ta daga mota, suka tura ta da hannu har ƙofar zaurensa, suka juya ƙofarta ta fuskanci tasa. Daren farko ya ce a zaure zan kwana, haka aka yi. Jarkokina kuma ya sa aka juye ruwan Jos a randar gida, aka cika su daga rijiyarsa.

A rana ta uku aka gano wani amfanin da ni da mai walda ba mu yi tunaninsa ba. Soson da muka cusa domin sanyi ashe yana tare ƙara. A zaure, injin niƙa da awaki da babura duk suna shiga rakoda; a cikin tirela kuwa, in an ja ƙofa, muryar tsoho kaɗai ake ji, har da numfashinsa tsakanin baiti da baiti. Ga ɗumi, abin da ƙasusuwan mai shekara 88 ke so. Da hantsi sai ya shigo a sunkuye ya zauna a bakin gado, abokansa biyu su zauna kan akwatin littattafai, ni ina ƙasa a tsakaninsu da rakoda, yara sun yi cincirindo a tagogin nan biyu. A nan ya rera mini waƙar da masu ɗaukar kwanon ƙasa ke yi in suna hawowa daga rami, wadda ya ji a bakin mahaifinsa, ɗaya abokin ya gyara masa wani wuri, suka yi ta musu a kan sunan wani helima har azahar ta yi.

Da zai fita ya dafa ƙofar, ya ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, ya ce, "Gobe kada ka bari rana ta ɗaga. Akwai ta matan da ke wankin kuza, ita ma ban ba ka ba."